Inda Akwatin Kakanki Ya Tafi

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a Samaru, ina sanar da ke cewa saƙonki ya iso ni. Ban amsa miki ta waya ba domin maganar ta fi ƙarfin gaisuwar tsaye, shi ya sa na dakata har masu zuwa ta'aziyya suka ragu, na sami natsuwar zama in rubuto miki. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Kin ce kin sami labarin an ɗauki akwatin kayan aikin kakanki an ba yaronsa na wurin gini, mutumin da bai haɗa jini da mu ba, alhali kuwa a cikin jikokinsa duka ke kaɗai kika bi sawunsa, tunda tsara gine-gine kike karantawa. Kin tambaye ni ko wata al'ada ce ta sa aka yi haka, ko kuwa don ke mace ce aka tsallake ki. Na ji daɗi da kika tambaya a fili maimakon ki bar abin yana cin ki a zuciya.

Zan fara da hukuncin shari'a, domin shi ya fi saurin bayani. Idan mutum ya rasu, daga abin da ya bari ake yi masa sutura, sannan a biya bashin da ake binsa, sannan a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusin dukiyar ba, abin da ya rage kuma shi ne rabon magada. Wanda yake da rabo a gado ba a yi masa wasiyya sai da yardar sauran, amma wanda ba magaji ba ne ana iya yi masa. Tun azumin bara kakanki ya kira ni da mahaifinki, ga limamin masallacin ƙofar gidanmu a zaune, ya ce in ta Allah ta kasance a ba wannan bawan Allah akwatin da duk abin da ke cikinsa. Da muka yi wa kayan kuɗi, ba su kai farashin tunkiya ba, balle su kusanci sulusi. Saboda haka zartarwa kawai muka yi.

Na san dai abin da ke ranki ya wuce wannan. Kina son ki san abin da ya sa shi da kansa ya zaɓi haka, kuma wannan ba zai fahimtu ba sai na ba ki labarin yadda ake zama magini a zamanin da ya taso.

A ƙasar Hausa sana'a gado ce. Maƙera, majema, marina, wanzamai, mahauta da magina, kowane rukuni da gidajensa da sarkinsa, kuma ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. To amma a wurin magina, yadda na buɗe ido na gani, haihuwa kaɗai ba ta ba mutum gadon sana'a. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa daga kududdufi. In ya ɗan yi ƙarfi a sa shi cuɗa ƙasa da ƙafa, ana zuba mata ramno, wato busasshiyar ciyawa, ana tattakawa, a bar ta ta kwana biyu ko uku tana tsimuwa, a sake jiƙawa a sake tattakawa har ta yi danƙo. Daga nan ya koyi dunƙula tubali da hannu, gindi mai faɗi kai mai tsini, a jera a rana ya bushe. Sai ya koyi jifa, domin magini yana zaune ne a kan katanga kamar wanda ya hau doki, daga ƙasa ake wurga masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa yana dasawa, tsinin yana kallon sama. Yaron da ya yi jifar banza ya fasa tubali ko ya bugi maigida, ranar zai sha faɗa. Shekaru sukan wuce kafin a bar shi ya yi yaɓe, wasu shekarun kuma kafin ya hau katanga, abu na ƙarshe da ake nuna masa shi ne ɗaurin bakan gizo, wato lanƙwasasshen bakan da ke riƙe rufin soro. Ranar da maigida ya gamsu da hannunsa sai ya yaye shi: ya sa masa albarka, ya miƙa masa wani abu daga kayan aikinsa, ya bar masa aiki guda ya yi shi kaɗai. Wanda ya bi wannan hanya tun daga kududdufi har kan katanga, shi magina suke kira ɗan gida, ko da daga wata ƙasa ya zo.

Mutumin da kike magana a kansa ya zo gidanmu yana almajiri, bai fi shekara 12 ba, yana bara a ƙofar zaure. Baba ya ga yana tsayawa kallon aiki bayan an sallame shi, sai ya nemi izinin malaminsa ya riƙa tafiya da shi wurin gini bayan karatun safe. Baba ne ya yi masa aure, shi ya gina masa ɗakin farko, ɗansa na fari kuma sunan Baba yake ɗauke da shi. Fiye da shekara 40 suna tare. Mu kuwa 'ya'yan cikinsa, ni na tafi masaƙa a Kakuri, mahaifinki ya shiga aikin gwamnati, kuma Baba bai hana kowa ba, shi ne ma ya biya mana kuɗin makaranta da guminsa. Amma gaskiya ita ce babu ɗayanmu da zai iya ɗaga katanga kamu biyar ta tsaya a miƙe.

Kakanki haifaffen birnin Zariya ne, mahaifinsa ma magini ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana sallar Juma'a a ƙarƙashin bakunan da Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, ya ɗaura a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Yakan ce mahaifinsa ya sha mintsininsa a sahu domin ana huɗuba shi kuwa idonsa yana sama yana ƙirga azara. Wannan masallaci shi ne makarantarsa ta farko. Azara, kamar yadda aka koya muku, tsagin giginya ce, namijin ya fi ƙarfi, kuma gara ba ta cika cin ta ba, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6. Wannan gajartar ce ta haifi bakan gizo. Magini yakan dasa azara a jikin bango ta ɗan leƙo, ya ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, haka daga ɓangarorin biyu har su haɗu a tsakiya, a ɗaure da igiya a lulluɓe da ƙasa. Da wannan dabara Babban Gwani ya rufe fili mai ɗaukar ɗaruruwan masallata ba ƙusa ba ƙarfe. A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabon gini na siminti, an kuma gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. In ba ki taɓa shiga na Zariya kin ɗaga kai ba, ki je kafin ki gama karatu, tafiyar ba ta da nisa daga Samaru.

Ya sauko Kaduna yana saurayi, gab da buɗe masaƙar farko ta Kakuri a 1957. Kaduna ba irin Zariya ba ce. Ba ta da ganuwa, ba ta da tsohon birni, gari ne da Turawa suka mayar hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, jirgin ƙasa da aikin gwamnati da soja suka tara masa jama'a daga ko'ina. A nan ya tarar da bulo da siminti da rodi da kwano, ya yi aikin birkila a ƙarƙashin Ma'aikatar Ayyuka, ya koyi awo da ƙafa da inci, ya koyi karanta zanen gini duk da bai taɓa zama a ajin boko ba. Bai raina sabon aikin ba, kuma bai yar da tsohon ba. Shi ne ya fara nuna mini cewa ruwan Kaduna ya fi na Kano yawa, don haka soron ƙasa yana wahala a nan in ba a kula da shi kowace shekara, abin da ya sa mutanen Tudun Wada da Unguwar Shanu suka koma ɗora kwano a kan bangon ƙasa. Bayan kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, sun shigo hannun ma'aikata a 1975, shekarar da jiragen ruwa masu ɗauke da siminti suka cushe tashar Legas, kowa ya so gidan bulo, masu neman ginin tubali suka yi ta raguwa. Ya bi zamani ya yi ta gina na bulo, amma zauren gidanmu ya ce ba za a taɓa shi ba, kuma har yau yana nan da tubalinsa da zankayensa da indararonsa.

Abin da nake so ki riƙe game da aikinsa shi ne yadda yake tsara gida, domin nan ne aikinku ya haɗu. Idan mutum ya zo yana son gini, Baba ba ya fara maganar kuɗi. Sai ya shimfiɗa masa tabarma ya tambaye shi iyalinsa nawa, ko mahaifiyarsa tana raye kuma a wurinsa za ta zauna, ko yana kiwo, ko matarsa tana sana'a a cikin gida, ko yana yawan baƙi daga ƙauye. Sannan su tafi filin, ya duba alƙibla don kada bayan gida ya fuskance ta ko ya ba ta baya, ya duba gangaren da ruwa zai bi, ya nisanta rijiya daga masai. Daga nan ya ɗauki sanda ya zana gidan a ƙasa da girmansa na gaskiya, ya ce wa mai gidan ya shiga ta ƙofar ya zaga. Sau da yawa yakan ce a je a zo da uwargida ita ma ta taka, domin ita za ta yini a ciki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙofar zaure ba ya taɓa barinta ta kalli ƙofar shigifa, saboda baƙo ya sami inuwa da wurin zama ba tare da idonsa ya faɗa tsakar gida ba. Ina ganin gidajen da ake yi yanzu a sababbin unguwanni, katanga doguwa da ƙofar ƙarfe, baƙo ko dai ya tsaya a rana ko a shigar da shi har falo cikin iyali, almajiri da matafiyi kuwa ba su da inda za su raɓa. A ganina an yi asara a nan, kuma ku masu zane ku ne za ku iya mayar da abin da aka rasa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Ina hutun makaranta na bi shi wurin wani aiki, sai ɗan kwangilar ya umarci masu buga bulo su ƙara yashi don buhun siminti mai kilo 50 ya ba da fiye da abin da ya saba bayarwa. Baba ya ɗauki bulo ɗaya da ya bushe, ya murza gefensa da babban yatsa, yashi ya zubo kamar garin tuwo. Bai ɗaga murya ba. Ya wanke cokalinsa, ya naɗe igiyarsa, ya ce shi ba zai jera abin da zai faɗo wa 'ya'yan mutane a kai ba. Muka dawo gida a ƙafa, kuma watan nan mun ci tuwo da miyar kuka ba nama har ya ƙare. Yaron nasa yana wurin a ranar, shi ya ɗauko akwatin a ka.

Bari in faɗa miki abin da ke cikin akwatin, tunda ba ki taɓa ganin an buɗe shi ba. Akwai gizago da yake sassaƙe azara da shi, ƙotarsa ta yi baƙi ta yi santsi, wurin da yatsunsa suke kamawa ya lotsa. Akwai cokalin gini guda biyu, ɗaya ya cinye har ya koma kamar ganyen mangwaro. Akwai igiya mai dalma a baki ta duba miƙewar bango, da tef na awo, da guduma, da wata sanda ta kanya da ya yi wa tsaga-tsaga daidai kamun hannunsa. Ke nan. Da mun ba ki su, na san za ki goge su ki adana su da daraja, wataƙila ki rataye a ofishinki wata rana. Shi kuwa wanda aka ba, kwana tara bayan rasuwar na gan shi a Rigasa a kan wani bango da cokalin a hannunsa. A wurin magina, ƙarfen da aka ajiye tsatsa yake yi, kuma haƙƙin kayan aiki shi ne a yi aiki da su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Addu'a tana wuyanmu mu da ku. Ilimin hannunsa kuwa yana wurin wanda ya zauna shekara 40 ya karɓa, kuma duk ɗakin da ya gina wani ya kwana a ciki lafiya, muna fatan ladan ya isa kabarin Baba.

Wannan ne ma ya sa ba za ki ga sunansa a jikin ko gini ɗaya ba, duk da gidajen da ya gina a garin nan ba za su ƙirgu ba. Magina ba su saba rubuta suna a bango ba. A bakin mutane sunan yake zama, a ce wannan soron ginin wane ne, wane kuma yaron wane ne. Babban Gwani kansa, abin da ya riƙe sunansa shi ne unguwar da ake kira da laƙabinsa a birnin Zariya, da zuriyarsa, da maginan da suka koya daga waɗanda suka koya a wurinsa. Ranar jana'izar Baba na ga dattawa da ban san su ba sun cika layinmu, kowanne yana cewa shi ya gina mana gida, ko shi ya gyara wa mahaifiyata bango da damina bai karɓi ko kwabo ba. Wasu abubuwan a ranar na fara jin su.

Game da zancen ko don ke mace ce, ina so ki cire wannan daga ranki gaba ɗaya. Gaskiya ne a da mata ba sa hawa katanga, amma gini bai taɓa kammaluwa ba sai da hannunsu. Idan maza sun gama rufi, mata ne suke yin daɓe. Kakarki ta yi suna a wannan unguwa a kansa. Takan tara maƙwabta, a baza tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta suna bugawa tare suna waƙa, tun hantsi har la'asar, sai ƙasan ɗaki ya yi sulɓi yana ƙyalli, ya shekara da shekaru bai fashe ba. Ɗakin amarya ba a shiga da ita sai an yi wannan. Baba yakan ce aikinsa rabi ne, sauran rabin na kakarki ne.

Kuma ki sani ya yi alfahari da ke. Zanen gidan nan da kika kawo masa da hutun bara, bayan kin koma makaranta ya sa na ɗauko masa shi ya fi sau biyar. Idonsa ya riga ya yi rauni, sai in shimfiɗa takardar a kan tabarma a bakin zaure inda haske yake, ya sa yatsansa mai kaushi yana bin layukan a hankali, yana tambayata nan mene ne, nan fa. Da ya kai kan rufin sai ya tsaya ya ce, ruwan fa, ta ina zai sauka? Na nuna masa inda kika sa magudana a bayan ginin. Ya yi shiru, sannan ya gyaɗa kai ya ce yarinyar nan ta san abin da take yi. A iya sanina da shi, yaransa na wurin gini sukan yi shekaru kafin su ji irin wannan kalma daga bakinsa.

Akwai abin da bai shiga wasiyya ba. A ƙarƙashin katifarsa mun sami littattafan rubutu guda uku, irin na 'yan makaranta, cike da rubutun ajami da zane-zanen gidaje. A ciki ya rubuta awon ɗakuna, da adadin azarar da kowane rufi ya ci, da yadda ake haɗa laso na hana yoyo daga katsin marina da gashin jima da dafara. Waɗannan suna cikin gado, don haka na tara magada, har da kakarki da gwaggonninki, na gaya musu abin da kika rubuto mini, kowa ya yafe rabonsa ya ce a ba ki. Suna wurina a naɗe cikin leda. Sai dai zan gaya miki tun yanzu cewa ba za ki iya karanta su ke kaɗai ba, ko da kin iya ajami. Yawancin awon da kamu ya rubuta shi, kamun kuma na hannunsa ne, sandar da ke ɗauke da shi tana cikin akwatin. Akwai kuma kalmomin magina da alamomin da ni kaina ban gane su ba. Mutum ɗaya ne ya rage da ya san su, kuma na riga na yi masa magana, ya ce ko da dare kika zo ƙofarsa a buɗe take. Idan kin je, ki durƙusa ki gaishe shi kamar yadda kike gaishe ni, ki kira shi Baffa, domin matsayinsa ke nan a gidan nan.

Daminar bana ta zaftare yaɓen zauren ta gefen gabas, zanko ɗaya kuma ya tsage. Kowace shekara bayan ɗaukewar ruwa Baba yakan tara yaransa su sake yaɓe shi, ko a shekarun da ba ya iya tashi yakan sa a fito da shi ya zauna yana nuni da sanda. Bana mun yanke shawarar za a yi aikin bayan kakarki ta fita takaba, wato in ta cika wata 4 da kwana 10, lokacin kuma ya yi daidai da hutunku. Tsofaffin yaransa duk sun ce za su zo gayya, an riga an yi maganar ƙasa da makuba, gwaggonninki kuma za su yi abinci. Ki zo da kayan da ba kya jin tsoron su ɓaci, ki zo da littafin rubutu da tef ɗinki, don a auna sandar nan a gabanki a san ko inci nawa ne kamun kakanki. Ki sanar da ni ranar da za ki taso in sa a tarye ki a tashar Kawo.

Ki gaishe da abokan karatunki. Kakarki tana gaishe ki, ta ce ki riƙa sa shi a addu'a bayan kowace salla.

Wassalam,
Baffanki.